Jinin Gidan Malam Maccido

Latifa na zaune bakin murhu tana tsintar shinkafa lokacin da Gwaggo Uwaliya, ƙanwar babanta, ta faɗo gidan ko mayafi ba ta gyara ba. Daga Kwargaba take. Can Malam Maccido, baban Latifa, ya aike ta ta binciko asalin Mudathir, malamin gonar da ya shekara yana neman auren Latifa.

"Yaya! Yaya, hito ka ji!"

Malam ya fito daga ɗakin karatu da tabarau a hannu. "Lahiya, Uwaliya? Zamna mana."

"Ina ni ina zama! Yaron ga, ubanai baƙo na. Aikin dam ɗin Goronyo ya kawo shi daga kudu, ya musulunta don ya auri uwatai. Shekara shida ya koma garinsu, ya koma addininsu, ya bar ta da yaro!"

"Na sani, Gwaggo," in ji Latifa, ba ta ɗago ba. "Shi ya gaya mani tun hwarko."

"Kin sani kika yi shiru? Gidan ga tun zamanin kakanni malamai muka haihuwa! Abin da uba ya yi shina cikin jinin ɗa. In bai hito gare shi ba, ya hito ga jikokinmu!"

Malam ya ce a gaya wa Mudathir ya dakata da zuwa, sai an neme shi.

Gwaggo ta zaci za a sha kuka. Latifa ta wanke shinkafarta, ta ɗora, ta raba abinci. Ta laluba cikin ranta ko za ta sami baƙin ciki, ba ta sami komai ba. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne. Shekara biyu ke nan, tun ranar da Innarta ta cika a mota kan hanyar asibitin Sakkwato, kanta bisa cinyar Latifa, ita kuwa tana ta addu'a har muryarta ta dushe. Daga ranar nan take salla kamar mai wanke kwanoni: a kan lokaci, tsaf, ba tare da ta ji komai ba. Babu wanda ya sani.

Sau ɗaya Mudathir ya kira ta a waya, da hantsi, tana fita daga firamaren da take koyarwa.

"Ba zan saɓa wa Malam ba, wannan na kira na ƙarshe," in ji shi. "Amma ki sani, tambayar Gwaggo ni ma na yi wa kaina. Muna sakandare, malamin bayoloji na bayanin abin da ɗa ka gado, na riƙa duban hannuna ina tsoro."

"Sai mi?"

"Bara na tahi na ga babana. Mutumen kirki na, Latifa. Shi ya ɗebo mani ruwan alwala, ya nuna mani gabas. Ya tahi coci, ni na yi sallata. Ban ji komi na ja na ba."

"To wa ya zaɓa maka? Kai, ko ƙaddara?"

"Wallahi ban sani ba. Na dai san da asuba ni ka tashi. Wata rana da daɗi, wata rana da ƙyar."

Ta kashe wayar ta tsaya bakin titi, 'yan kabu-kabu na wucewa suna tambayar ko za ta, ita ko jin su ba ta yi.

Aka kwashe albasa, damina ta faɗi, gero ya kai gwiwa. Mudathir bai zo ba, bai kira ba. Gwaggo kullum da sunan ɗan wani gidan malamai a bakinta, Latifa kullum amsarta ɗaya: "To, Gwaggo." Ta rame, ba ta yi gardama da kowa ba.

Wata Laraba bayan la'asar ta kai wa Malam fura. Maimakon ta fita, sai ta durƙusa.

"Baba, in imani cikin jini shike, ina nawa ya tahi?"

Ya ajiye ludayi. "Mi kike cewa, ɗiyata?"

"Tun rasuwar Inna ban sake jin salla ba. Ina yi, ban taɓa bari ba, amma zuciyata awa dutse. Ni ɗiyarka, jikar malamai. Shi kuwa da aka kora don ubanai—" Muryarta ba ta ko yi rawa ba. "Ko an rubuta ni cikin ɓatattu na, Baba? In haka na, gaya mani in sani."

Malam ya cire tabarau. Latifa ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar jana'iza, sai yau.

"Wata takwas na yi ina limanci bayan rasuwar uwarki, bakina na karatu, ƙirjina babu kowa. Ni da na shekara talatin ina karantar da babin ƙaddara!" Ya share fuska. "Ɓatacce ba ya zuwa ya durƙusa shina tambayar ina imaninai. Allah Ya san ƙarshen kowa, mu bai gaya muna ba. Yau kaɗai aka ba mu, kuma kullum kina tashi."

"Gwaggo ta ce jini..."

"Annabi Nuhu ya haihi ɗan da ya ƙi shiga jirgi. Annabi Ibrahim, ubanai gumaka shike sassaƙawa. Na san wannan tun ranar da Uwaliya ta shigo. Bakin mutanen garinmu Wurno na ji tsoro, na bar yaron mutane wata huɗu shina jira. Allah Ya yahe mani."

Washegari da kansa ya hau mota zuwa Kwargaba wurin Mudathir.

An ɗaura aure bayan Babbar Salla. Gwaggo Uwaliya ta yi fushi, ba ta zo ba. Sai ranar sunan ɗan farin Latifa, bayan shekara, ta shigo da ƙullin kaya tana faɗa wai ba a iya riƙon jariri ba.

Zuciyar Latifa ba ranar biki ta dawo ba. Ta ɗauki lokaci, kuma Mudathir bai taɓa gaggauta mata ba. Wata azahar, tana sujada a ɗakinta ita kaɗai, ta ce, "Allah Ka jiƙan Inna," sai kuka ya ƙwace mata, kukan da ta riƙe shekara uku. Ta daɗe goshinta a ƙasa.

Imani ba gona ba ne da za a raba wa magada, ba kuma tabo ba ne da uba zai bar wa ɗa. Shiriya ta Allah ce. Bawa dai nasa ya tashi ya tsaya, ran da ya ji da ran da bai ji ba.