Jaririn Kabari na Tara

Ƙarfe tara na safiyar Litinin Farfesa ya shigo ofishin 'yan sanda da ƙura har gwiwa, ya ce an sace masa gawa.

Sufeto bai ɗago kai ba. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. Ya ga gawa a rijiya, ya ga gawa a bayan mota, har abin ya daina taɓa shi. Ko bara da mahaifiyarsa ta cika a gabansa, sai ya tsinci kansa yana duba agogo kamar zai rubuta rahoto.

"Yaushe mamacin ya rasu?"

"Shekara ɗari takwas ke nan, ko fiye."

Kofur ɗin da ke gefensa ya tuntsire da dariya. Sufeto ya rubuta abinsa.

Ashe Farfesa da mutanensa wata tsohuwar maƙabarta suke tonawa a bayan gari, don su san yadda mutanen da suke binne nasu. A kabari na tara suka sami jariri cikin tulu. An ajiye ƙasusuwan cikin kwali a sito, kuma a ranar ne za a yanki ɗan ƙashin cinya a aika gwaji. Da aka buɗe kwalin da safe, wayam.

"Maigadi ne," in ji Farfesa. "Kullum cewa yake muna damun matattu. Na taho muku da shi."

Tsohon yana zaune bayan kanta, hularsa a hannu.

"Baba, wa ya shiga sito jiya Lahadi?"

"Ban ga kowa ba, ranka ya daɗe."

"Ka san gidan yari za ka in ba a ga ƙashin nan ba?"

"Na sani."

Ya faɗa yana kallon ƙasa. Sufeto ya san ƙarya yake yi, amma ba irin ƙaryar mai kare kansa ba ce.

Da suka isa siton, kwaɗo lafiya ƙalau. Tulun yana nan, duwatsun wuyan da aka samu tare da jaririn suna nan cikin leda, kuma su ne abin da ɓarawo mai hankali zai ɗauka. Audugar da ke cikin kwalin an ninke ta tsaf.

"Mutum nawa ke da makulli?"

Farfesa ya ce, "Ni, da maigadi, da Dakta. Ita ce mai kula da ƙashi."

Dakta mace ce siririya, ba ta wuce talatin da biyar ba, da fensir soke a ɗankwali. Ta ce jiya tana gidan yayarta tun safe har yamma. Muryarta ba hawa ba sauka. Sufeto ya san irin muryar, don da ita yake magana da matarsa a gida.

Ya zaga bayan siton shi kaɗai. Ƙarƙashin wata bishiya ya ga sabuwar ƙasa, tsawon kamu biyu. Ya tsuguna. Kusurwa huɗu ce, gefenta a miƙe kamar an ja da rula. Ya ɗebi ƙasar a hannu, sai ya ji ta laushi kamar gari, ko tsakuwa ɗaya babu. Tsakuwar tana gefe, an tara ta wuri guda.

Ya sa Kofur ya kirawo Farfesa.

"Maigadinku yana tankaɗe ƙasa in ya yi rami?"

Farfesa ya daɗe yana kallo. "A'a. Da shebur yake haƙa. Wannan aikin cokalin magina ne da rariya. Mu ne muke haka."

Sufeto ya share saman ƙasar da tafin hannu. Bai yi nisa ba ya taɓa wata 'yar leda, da takarda a ciki, an rubuta da fensir: Kabari na 9, jariri, an mayar ranar Lahadi, ƙarfe biyu na rana.

Ya juya. Dakta tana tsaye a bayansu, ba wanda ya ji zuwanta.

"Rubutunki ne?"

"Nawa ne."

"Kin ɓoye abu, kuma kika sa masa lamba?"

"Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ɗaga abu daga ƙasa ko in ajiye ba tare da lamba ba. Hannuna ne ya rubuta, yallaɓai. Sai da na rufe na tuna."

"Me ya sa kika ɗauke shi?"

"Shekara uku da suka wuce na haihu. Kwana biyu ban san inda nake ba. Da na farfaɗo aka ce an riga an binne shi. Ko ƙafarsa ban gani ba." Ta gyara fensirin. "Wannan kuwa mako shida ina goge shi da buroshi. Na san kowane yatsa. Uwarsa ta naɗe shi, ta sa masa duwatsu a wuya. Yau za a sa masa zarto."



"Baba maigadi ya gan ni," ta ƙara. "Ku sake shi, don Allah."

"Sai an kai ƙashin ofis a matsayin shaida," in ji Sufeto. Ya ji tausayinta, amma daga nesa, kamar rediyon maƙwabci. "Kofur, samo shebur."

"Kul!" Farfesa ya daka tsawa. "Ƙashin jariri ne, ko da yatsa ka danna ya zama gari." Sannan ya sassauta murya. "Duk wurin nan mutum ɗaya ce ta iya ɗaga shi."

Ba wanda ya dube ta.

Dakta ta cire takalmi, ta durƙusa a bakin ramin da ta haƙa jiya, ta miƙa hannu ba tare da ta waiga ba.

"Miƙo min ƙaramin buroshin."

Awa biyu ta ɗauka. Tana ɗagowa ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin sunan kowane ƙashi, Farfesa yana rubutawa. Da ta gama ta rufe kwalin da kanta. Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

Ya buɗe mata ƙofar mota. Ta shiga baya, ta zauna, sannan ta buɗe hannuwa biyu.

"Hanyar akwai gargada," ta ce. "Kawo shi nan."

Doka ta ce ba a ba wanda ake tuhuma riƙon shaida. Sufeto ya ɗora mata kwalin a cinya, ya ce da direba ya tafi a hankali.