Guntayen Soso Masu Laushi

Ranar da ta fara zuwa shagonsa, yana tsugune yana zare ƙusoshi daga jikin wata tsohuwar kujera. Ta yi sallama, ta ce guntayen soso take nema, masu laushi.

"Filo za ki ɗinka?"

"A'a. Matan da aka cire wa nono saboda ciwon daji nake ɗinka wa abin sawa a riga, don kada gefe ɗaya ya faɗa."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Wannan kunyar ce ta kashe min uwa. Ta yi ta ɓoyewa har ya ci ƙarfinta."

Tun daga ranar yake ware mata mafi laushi. Tana ce masa Sarkin Ƙusa, yana ce mata 'Yar Allura. Wani lokaci ya kai mata buhun har ɗakin bayan asibiti, inda matan ƙungiyarsu ke taruwa suna koya wa juna yadda mace za ta duba kanta. Sannu a hankali magana ta kai kunnen manya.

Sai ta ɗauke ƙafa. Ya kira, ba ta ɗagawa. Aka ce masa ana ganinta a motar wani mutum. Abinci ya daina wuce masa, har saƙonta ya shigo:

"Sarkin Ƙusa, ka yafe min. Na taɓa na ji ƙululu, na je aka duba. Shi ne. Likita ta ce an kama shi da wuri, amma sai an cire. Kawuna ne ke kai ni a mota. Ka nemi wata, ban riƙe ka ba."

Ya daɗe yana laluben haruffa kafin ya amsa:

"'Yar Allura, ban iya dogon rubutu ba. Ina nan. Ki ci abinci."

Aka yi aikin. Magani ya zubar mata da gashi, ta koma kamar kara. Kullum yana zuwa ya zauna a bakin ƙofa.

Ummansa kuwa ta ce ba da yawunta ba. "Ciwon da ya ɗauke uwa ya dawo kan 'ya, kai kuma ka ce sai ita? Da me za ta shayar min da jikoki? Tashi ka kai ni, ni zan gaya mata."

Bai taɓa yi mata musu ba. Ya goya ta a babur har ɗakin bayan asibiti, zuciyarsa na zafi, ya tsaya a waje.

Matan suka ɗauka dubawa ta zo. Kafin ta buɗe baki an karɓi jakarta, an ba ta kujera, ana ta yi mata barka da zuwa da wuri. Ta jima ba ta fito ba. Da ta fito, idonta ya yi ja, hannunta cikin na aminiyarta tun ta ƙuruciya.

A hanya ta ce masa, "Ashe ita ma an cire mata. Ta yi goyo bayan haka da guda ɗayan. Kullum muna tare, ban sani ba. Wai tsoron bakina take ji."

Da suka kusa gida, sai ta ƙara da cewa:

"Ni ma sun duba ni. Ka ce wa kawun yarinyar nan muna zuwa."

Ranar biki ba a yi taro mai yawa ba. Matan ƙungiya su suka tsaya a matsayin uwar amarya. Da aka kawo ta, ta sunkuyar da kai tana kuka a hankali.

"Da Mama ta je da wuri, Umma, da ita ce a zaune nan."

Umma ta jawo ta jikinta. "Yi shiru, 'yata. Allah ya jiƙanta. Ke kuma Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa ku tsufa tare."

Daga bakin ƙofa ango ya ce amin, a hankali, yana share ido da hannun riga.