Jinjinar Ɗan Lele

Wayyo maraici! Tun daga ƙofar asibiti Amarya take kuka, katin awo a hannu, Ɗan Lele a goye, har ta iso gida hawaye bai tsaya ba. Wata uku ke nan ana ɗora yaron nan a sikeli, allurar ko motsin kirki ba ta yi. Malamar awo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, anya kuna ba shi madararsa kuwa?" Ita kuwa Allah ya sani, tun da ciwo ya ƙafar mata da nono, duk guminta na shagon ɗinki a gwangwanin madara yake ƙarewa, amma yaro kullum sai ƙara idanu yake yi...

Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu a hanya. A gidan akwai Inna, uwar miji, sai kuma yayarsa Gwaggo, wadda ta zo yin kwana biyu har shekara ta zagayo ba ta ɗaure kaya ba. Ita ake bar wa yaro da safe idan Amarya ta tafi shago, kuma ita kaɗai ce a gidan take ƙiba.

Amarya ba ta da kowa a duniya. Mahaifiyarta bebiya ce, ta rene ta da hannu da ido, ta rasu ba ta bar mata komai ba sai wannan magana ta yatsu. Shi ya sa kullum da yamma takan zaunar da Ɗan Lele a cinya, wata goma ne da shi, tana koya masa. Idan madara yake so, ya dunƙule hannu ya buɗe kamar mai tatsa. Idan ruwa ne, ya taɓa haɓa. Yaro kuwa sai ɗauka yake yi, kai kamar na manya!

"Inna, zo ki ga ikon Allah!" in ji Gwaggo. "'Yar bebiya za ta mayar mana da ɗa bebe. Mutane suna koya wa 'ya'yansu Baba da Mama, ita tana koya masa kamun ƙuda!"

Amarya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan yaro. "Yaya, don ya riƙa faɗin abin da ke damunsa ne kafin bakinsa ya buɗe..."

"Rufe min baki! Ko kuwa a'a, buɗe shi, kada ke ma ya liƙe."

Abu ɗaya ne kawai ya yi wa Gwaggo daɗi a karatun nan. Da zarar ta shigo ɗaki, sai Ɗan Lele ya ɗaga hannu ya dunƙule yana kallonta. Nan take ta ce jinjina yake mata! Ba maƙwabciyar da ba ta kira ta gani ba. "Uwarsa ma ba ya yi mata. Yaro ya san manya!" Amarya ta gane abin da hannun yake cewa, amma wa zai saurari marainiya a kan yayar miji? Ta haɗiye, ta kai kukanta wurin Allah.

Ranar da Direba ya dawo, tun bai cire takalmi ba Gwaggo ta danƙa masa katin awo tana matsar ƙwalla. Aka zauna a falo. Ta ce Amarya ba ta iya reno ba, madarar ma ita take shanyewa, ga shi tana neman ƙulle wa yaro harshe. Inna ta miƙe da kanta ta kwance Ɗan Lele daga bayan uwarsa, ta ce daga yau ya koma ɗakin Gwaggo, kwana da wuni.

Amarya ta zube a ƙasa. "Inna, don girman Allah! Shi kaɗai ne jinina a duniyar nan... Ku dake ni, ku zage ni, amma kada ku raba ni da shi!"

Gwaggo ta miƙa hannu za ta karɓa, sai ga Ɗan Lele ya ɗaga dantse ya dunƙule. "Kun gani ko? Har ya fara gaisuwa!"

A nan haƙurin Amarya ya kai bango. Ta share fuska ta dubi mijinta. "Baban Lele, ba jinjina ba ce. Madara yake cewa. A ɗauko gwangwaninsa a gani."

Aka ɗauko. Yaro na ganin gwangwani ya dunƙule hannu. Aka ɓoye, ya sauke. Ubansa ya tsaya a gabansa, hannu bai tashi ba. Inna ta leƙo fuskarsa tana cewa, "Angona, ni fa?" Ko kallo ba ta ishe shi ba. Gwaggo ta matso, sai hannu ya tashi, wannan karon har biyu! Direba ya karɓe shi daga hannun Inna ya sauke shi ƙasa, yaro ya rarrafa bai zame ko'ina ba sai jakar hannun Gwaggo, ya kama yana ja yana gurnani. A ciki aka sami wata roba cike da farin gari, da ƙaramin cokali.

"Hodar fuska ce!" in ji Gwaggo.

"Hoda da cokali, Yaya?" in ji Direba.

Inna ta gyara zama. "To shafa mu gani."

Innalillahi! Haka baiwar Allah nan ta dumbuza ta shafa, ga gumi na karyo mata. Kafin ka ce me, hoda ta dame, ta fara gangarowa fara sol ta gefen hanci. Ɗan Lele ya dafa gwiwarta ya miƙe, ya kai baki ya lashi kumatun Gwaggo, ya kuma lasa. Ashe duk safiya rabin cokali take kaɗa masa a ruwa, sauran ta afa a bakinta yana kallo!

"Ɗanɗanawa kawai nake yi, kada ta yi masa zafi..."

"Garin ne yake da zafi?" Inna ta daka mata tsawa. "Kin cinye abincin jariri, kin ɗora wa marainiya! Wallahi yau ba za ki kwana a gidan nan ba."

Ko a bakin ƙofa Gwaggo ba ta tsira ba, don yaro ya hango akwatinta ya sake dunƙule hannu. Direba ya buɗe, ya ciro gwangwani biyu daga cikin zannuwa. Haka ta fita, maƙwabtan da ta tara kallon jinjina suna tsaye, kowace ta ɗaga mata hannu.

Da gida ya yi shiru, Inna ta zo ta zauna a ƙasa kusa da Amarya. Ta ce, "'Yata, bakina ya yi nauyi, ba zai iya ba. Da hannu, yaya mahaifiyarki take cewa a yafe mata?"

Amarya ta fashe da kuka. Ta kama hannun tsohuwar ta ɗora mata a ƙirji, ta juya shi a hankali. Inna ta yi ta juyawa, hawaye na zuba, har sai da Amarya ta riƙe hannun ta ce, "Ya isa, Inna, na yafe."

Inna ta ɗauki Ɗan Lele ta ɗora mata a baya, ta ɗaure zanen da hannunta.