Tambayar Mai Ratsa Bango

Ranar Talata ce. An wuni da hadari bai zubar ba, zafi ya kwanta a gidan, ko labule ba ya motsi.

Maigidan mai gyaran keken ɗinki ne, mutum marar yawan magana. Babban ɗansa yana karatun kimiyya a jami'a, ya zo hutu. Farfesa ake ce masa a gida, don ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba. Ya zo da wani wasa da ake yi a kan tebur: taswira a takarda, 'yan mutum-mutumin roba, da ƙwaya irin ta lido amma mai fuska da yawa. Shi ke ba da labari, abokansa biyu da ƙanwarsa Auta su ne jarumai, ƙwayar ke yanke wa kowa hukunci.

Abin da ya fi wasan daɗi shi ne bayanin Farfesa. Dodo mai hura wuta, in ji shi, jakar gas gare shi a ciki, haƙoransa kuma ƙyastu ne. Tsuntsun da ke sure doki, ƙasusuwansa rami ne kamar bututu, shi ya sa bai da nauyi. Kowace halitta da dalilinta.

Da yammacin nan labari ya kai su ga aljani mai ratsa bango. Auta ta ce, "To Farfesa, wannan fa? Shi ma gas ya sha?"

"Ke dai saurara. Ai wannan ya fi kowanne sauƙi. Kin ga bango..."

Sai aka kira magariba. Maigida ya shigo, ya ce, "Ku tashi." Ya naɗe taswirar da kayan cikinta, ya jefa a durowa.

Suna idar da salla dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo shi. Aka fita da fitila, ba kowa a lungu. Da aka dawo, sai aka ji ƙwayar nan tana gangarawa cikin durowa, durowar kuwa a rufe.

Tun daga ranar, rana na faɗuwa jifa ke farawa. Auta ta daina ci. Takan tashi ta je bangon falo ta kafa masa goshi, ta tsaya shiru kamar mai sauraron wani. Aka kai ta asibiti, suka ce ba su ga komai ba. Maigida ya ɗauko wani malami mai ruƙiyya.

Malamin ya zo gab da magariba. Ya sa aka zaunar da ita, ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Can yarinyar ta ɗaga kai, muryar da ta fito ta tsoho ce, mai kauri.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Maƙwabci. A bangon nan nake tun kafin a shafa masa fenti."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ita ta yi tambayar. Na ji na dodo, na ji na tsuntsu. Da aka zo kaina, tsohon nan ya kwashe tebur. Tun ina ƙarami nake ratsa bango, ban san yadda nake yi ba. Na tambayi manyanmu, suka ce haka suka tarar. Yaron nan ya ce ya fi kowanne sauƙi. Ya faɗa, in sake ta."

Farfesa ya fara, "Kowane abu ƙananan ƙwayoyi ne, a tsakaninsu akwai sarari, to idan..."

Wuyan Auta ya juya gare shi, fiye da yadda wuya ke juyawa.

"Rufe bakinka!" in ji malamin. "Ka ba shi amsa ɗaya, gobe da wata tambayar zai dawo. Kuma ta bakinta zai tambaya."

Uwar Auta ta fashe da kuka. "Malam, a bar shi ya faɗa mana! Dubi yadda ta koma."

Maigida ya juyo. Ya dubi ɗansa. "Kai. Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Dutse ɗaya ya gangaro a kan kwano, ya tsaya.

"Baba, na dodon ma ni na ƙaga. Wasa ne. Ban sani ba."

Numfashin yarinyar ya yi nauyi. "Ashe ƙarya na zauna ina ji."

Malamin ya ɗaga murya da karatu. Jikin Auta ya ɗauki rawa, mutum biyu suka riƙe ta.

Muryar ta ce, "Tsaya! A bar ni a bangon, saurare kawai zan yi."

"Ba a gidan nan ba."

"To a bar mini kunnen yaron."

"Ko gashinsa. Fita, kar ka dawo mata."

Sannan muryar ta sauko ƙasa, kamar mai hira. "Na fita, na rantse ba ni ba ita. Amma yaron karatu yake yi, ko? Wata rana zai sani. Mu ba ma gaggawa."

Auta ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta. Da muryarta ta ce, "Mama, ƙishi nake ji."

Washegari maigida ya ce hutu ya ƙare. Ya saɓa jakar ɗansa da kansa har tasha, abin da bai taɓa yi ba. A bakin mota ya riƙe hannunsa, ya ce, "Ka karanta duk abin da suka ba ka. Amma in ka ga karatun ya nufi bango, ka juyo." Ya tsaya har motar ta ɓace, sannan ya tafi ya buɗe shago.