Yafiyar da Ta Makara

Ƙawata Larai, matso ki ji abin da kakata ta bar mini.

A farkon zuwan Nasara, da kaka, dawa ta nuna a gonakin gabashin Dutse, shanun wani makiyayi mai suna Bubayero suka faɗa gonar Malam Muntaka. Uwaisu, ɗansa tilo, ya fito korarsu. Aka yi cacar baki, sandar Bubayero ta sauka a ƙeyar Uwaisu, bai ƙara tashi ba.

Alƙali ya yanke kisasi, ya dubi mahaifin. "Kai ne mai jini. Ka yafe?"

"Allah ya gafarta Malam, ban yafe ba."

Amma a zuciyarsa ya riga ya yafe. Ya san al'ada: idan aka durƙusar da mai laifi a bayan kasuwa, kafin hauni, mai sare kai, ya zare takobi sai an sake tambayar mai jini. Can ya ajiye yafiyarsa. So yake Bubayero ya ɗanɗani tsoron mutuwa tukuna, sannan ya koma wa 'ya'yansa.

Ranar ta zo, dogarai suka durƙusar da Bubayero. Malam Muntaka na tsaye yana jiran tambaya, sai ya ga hauni ya naɗe hannun riga. Malam ya kutsa, ya zube gaban Galadima, wakilin Sarki.

"Ranka ya daɗe, ba a tambaye ni ba! Na yafe, wallahi na yafe!"

Galadima ya ce, "Malam, hukuncin ya je Kano, Nasara ya tabbatar. Ba a warwarewa yanzu."

"Jinin ɗana ne fa!"

"Da naka ne, yau na ƙasa ne. In aka sake shi, kowane mai sanda zai ɗaga, a ce mun kasa riƙon jama'a. Da wannan ran za mu tsare sauran."

Bubayero ya ɗago kai. "Baffa, na ji. Allah ma ya ji."

Daga nan aka zartar.

An ce Malam Muntaka ne ya yi masa wanka, ya binne shi kusa da Uwaisu, bai ƙara noma gonar nan ba har ya rasu. Ni dai abin da na gani, mulki in ya karɓi takobi daga hannunka ba ya mayarwa, kuma alherin da aka ajiye wa gobe ba kullum yake riskar mai shi ba. Allah ya jiƙansu duka.

Jikokin Malam Muntaka da na Bubayero suna auren juna yanzu, ba su sani ba. Don Allah, Larai, ki bar shi a cikinki.