Gogen Hershel Feldbaum

Ranar Juma'a da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda na Caulfield, a birnin Melbourne, daga makarantar Yahudawa ta Ner Tamar. An sace gogen marigayi Hershel Feldbaum daga ɗakin kiɗa.

Sufeto Darren Kilbride ya tarar da shugabar makarantar, Misis Aviva Rosenblatt, tsaye gaban akwatin gilashi wanda babu komai a ciki. Ta ce duk yaron da ke makarantar ya san labarin gogen. Da shi Hershel ya yi kiɗa a sansanin 'yan Nazi har ya tsira da ransa, ya kawo shi Melbourne, kafin ya rasu ya ba makarantar kyauta. A kan sunan gogen aka kafa shirin koya wa yaran marasa hali kiɗa, kuma jibi Lahadi za a fito da shi a taron neman gudummawa.

Sufeto ya duba makullin. Ba a ɓalle shi ba.

"Su wa ke da mabuɗi?"

"Ni, da malamar kiɗa Ilana Berkovits, sai Gideon, ɗan marigayin. Shi ne shugaban kwamitin gudummawa."

Ta sassauta murya ta ce tun safe iyaye suke kiranta, kowa na ambatar Ilana, don ba ta daɗe da zuwa ba. Kwamiti na so a dakatar da ita kafin a tashi yau, kafin Shabbat, ranar hutun Yahudawa, ta shiga.

Ilana ta ce jiya da aka tashi ta wuce gida. Sufeto ya bar ta ta gama, sannan ya faɗa mata mai gadin ƙofa ya ga fitarta bayan yara da malamai sun watse. Sai ta canja magana.

"Na buɗe akwatin, yallaɓai, amma ban ɗauka ba. Na ga wuyansa ya tsage, na ji tsoron kada ya karye a hannun yarinyar da za ta kaɗa shi. Hoto na ɗauka na tura wa wani mai gyaran goge."

"Wa kika gaya wa?"

"Gideon kaɗai. Mun haɗu a baranda, ya ce in rabu da shi, ba hurumina ba ne."

Sufeto ya koma wurin mai gadi. Mutumin ya ce jiya Alhamis ce, ranar da iyaye ke shirya kwalayen burodi da miya na tsofaffin unguwa, kuma motocin rabon ba a bincikarsu. Gideon ne na ƙarshen fita. Da shi mai gadin ya tashi zai taya shi ɗaukar wani dogon kwali, sai Gideon ya ce ya bari.

Suna cikin magana Ilana ta iso da wayarta. Mai gyara ya amsa. Ya ce gogen aikin masana'anta ne, kuma an ƙera shi shekaru da yawa bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare.

Sufeto ya sami Gideon Feldbaum a babban zaure yana sa a jera kujerun taro. Dattijo ne mai furfura, da 'yar hularsa a tsakar ka. Ya ce bai leƙa ɗakin kiɗa ba tun makon jiya, kuma duk da ba ya son zargin kowa, malamar kiɗan nan ta cika shisshigi.

"Me ke cikin dogon kwalin da ka hana a taɓa?"

"Burodi."

"To mu je mu buɗe bayan motarka."

Gideon bai motsa ba. Sufeto ya miƙa masa wayar Ilana. Ya karanta, ya jawo kujera ya zauna.

Ya ce gogen na gareji a gidansa, a naɗe cikin bargo. Bayan rasuwar mahaifinsa ne ƙanwar mahaifin ta gaya masa gaskiya. Hershel ya yi kiɗa a sansanin, wannan ba ƙarya ba ne, amma gogen asali an farfasa shi a gaban idonsa. Wannan a wani shago a unguwar Carlton Hershel ya saye shi. Da yara suka tambaye shi ko shi ne gogen sansanin, ya kasa cewa a'a, daga nan labarin ya fi ƙarfinsa. Da Ilana ta yi zancen mai gyara, Gideon ya ji tsoron a kai gogen gyara asiri ya tonu, shi ya sa ya ɗauke shi.

"Mutumin da ya rasa iyayensa da ƙannensa huɗu, Sufeto. So kake ranar Lahadi a ce masa maƙaryaci?"

"Shi ya sa ka bari a kori Ilana?"

Gideon ya sunkuyar da kai. Ya ce ya yi niyyar nema mata aiki a wata makarantar. Misis Rosenblatt, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ta juya ta tafi neman Ilana.

Sufeto bai sa wa Gideon ankwa ba. Sun fito tsakar makaranta daidai lokacin da iyaye ke ɗaukar yaransu, mutane suka dare suka ba su hanya, ba wanda ya gaida Gideon. A bakin mota Gideon ya roƙi a bar shi ya kira matarsa. Da ta ɗauka, ya ce, "Miriam, ki kunna kyandirorin Shabbat, ku ci abinci. Kada ku jira ni."