Muryar Mai Hoto

Yammacin da abin ya fara, babu abin da ya raba shi da sauran yammaci. Rana ta yi ja ta sauka bayan katanga, kaji sun shige akurki, hayaniyar titi ta soma lafawa. Kafinta ya dawo daga shago da garin katako a gira, ya yi sallar magariba, ya ƙi taɓa abincin da matarsa ta ajiye masa, sannan ya sunkuya ya jawo kwalin nan daga ƙarƙashin gado.

Kwalin na Mai Hoto ne, amininsa tun suna yawo da gajeren wando. Bai daɗe da rasuwa ba, matarsa ta aiko da shi, ta ce kaset-kaset ne na bidiyo, kuma duk na gidan Kafinta ne, gara su koma wurin masu su. Shi dai Mai Hoto, Allah ya jiƙan rai, tun ranar da ya sayi kyamara ba a sake zama lafiya a gidan nan ba. Yaro ya fara tafiya, yana nan. An sa sabuwar ƙofa, yana nan. Ko akuya ce ta haihu sai ya ɗauka. Amma duk tulin kaset ɗin nan ba inda fuskarsa ta fito, don kullum shi ne a bayan kyamara. Muryarsa kawai ake ji, mai kauri, mai ɗan dishi-dishi, da dariyar nan tasa da ke ƙarewa da tari.

Kafinta da kafaɗarsa ya ɗauki makara, da hannunsa ya zuba ƙasa, amma har ranar bakinsa bai taɓa cewa amininsa ya rasu ba. Sai dai ka ji ya ce, "tun da ba ya nan." Matarsa, wadda kowa ke kira Umma, ta lura, ta ƙyale shi.

Ya haɗa tsohuwar na'urar da talabijin, hoto ya yi rawa ya daidaita. Ga tsakar gidan nan dai, sai dai bishiyar lemo ba ta kai tsawon mutum ba. Ga Kafinta da baƙin gashi, ya haɗe rai a kan tabarma.

"Kai, saki fuska mana," in ji muryar, "sai ka ce wanda ya haɗiyi ƙusa!"

Kafintan cikin talabijin ya fashe da dariya. Na wajen talabijin ya ƙara sauti. Daga nan kyamarar ta bar tabarma, ta juya a hankali, ta tsaya a kan ƙofar ɗakin baya. Ɗaki ne ƙarami mara taga, wanda Kafinta ya ba amininsa tun suna samari yake wanke hotuna a ciki, kafin sana'ar ta canza ɗakin ya koma na tarkace.

"Ƙawata," muryar ta yi ƙasa, ta yi taushi. "Fito mana. Yau ma kunyar ce? Fito, ga ni na zo."

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, budurwa mai surutu da ke shirin gama sakandare, tana zaune a dokin ƙofa. Ta yi dariya da hawaye a ido ta ce, "Ni ce ƙawar, ko Baba? Ni yake kira. Na'am, ga ni!"

Kafinta ya mayar da wurin baya, ya sake ji. Ya sake mayarwa. Ana cikin haka wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ƙwal, ya gangaro a hankali ya faɗa tsakar gida. Dutse ne ɗan ƙarami. Da Umma ta ɗauka sai ta yar da shi da sauri, don ɗumi gare shi kamar yanzu aka sake shi daga tafin hannu.

Yaran maƙwabta ne, in ji Kafinta. Washegari da magariba ya sake jawo kwalin.

Haka aka shiga. Da rana gida lafiya lau. Da zarar inuwa ta cinye tsakar gida, muryar Mai Hoto ta tashi daga falo, sai duwatsu su fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a amsa. Kafinta ya zagaya bayan gida da sanda, bai ga ko kyanwa ba. Wani wari mai tsami ya riƙa fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin baya, warin ruwan wanke hoto, alhali rabon da a zuba ruwan nan a ɗakin tun Auta ba ta san kanta ba. Wata rana da muryar ta ce "fito mana," Umma ta rantse ta ji an amsa daga ɗakin, can ƙasa-ƙasa.

"Don girman Allah ka bar kunna abin nan," ta ce masa. "Ko ka kunna da rana tsaka. Wa ya taɓa kiran mutum da magariba, ya kira, ya kira, ya kira?"

"Muryarsa ce kaɗai ta rage min," ya ce. Bai ɗaga kai ba.

Ita kuwa Auta surutunta ya ɗauke kamar ruwan sama. Ta daina cin abinci sai an tsare ta. In rana ta faɗi sai a same ta tsaye a gaban ƙofar ɗakin baya, hannaye a sake, kai a karkace, kamar mai sauraro. Ranar da abin ya fito fili, Umma ta je ta kamo hannunta ta ce, "Zo mu shiga ciki, 'yar nan." Auta ta juyo. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne. Ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, busasshiya, mai sanyi.

"Ina kuka ɓoye shi?"

Umma ta saki salati. Kafinta ya fito da gudu ba takalmi, kaset na ci gaba da juyawa a bayansa. Da ƙyar su biyu suka kwantar da yarinyar da ko buhun gawayi ba ta iya ɗagawa. Da ta lafa, Umma ta tsaya a ƙofar falo tana haki, idonta ya sauka a kan talabijin, sai ta dafa bango.

"Malam, dube ni a hoton nan. Dube ni da kyau."

Ya duba. Ga ta nan a gefen tabarma, matashiya, tana kare fuska da mayafi, ga ciki ya fito tirtsitsi.

"Cikin Auta ne wannan," ta ce. "To wa yake kira?"

Tsoro ya kama Kafinta, irin wanda bai taɓa sani ba. Ya tuna yadda amininsa in ya shigo gidan sai ya fara bi ta ɗakin baya, ya ɗan buga ƙofar da bayan yatsa, kafin ya zo ya zauna. Shekara da shekaru suna ganin haka, suna cewa raha ce irin ta Mai Hoto.

Malamin da aka kawo washegari dattijo ne siriri, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ba shi da hayaniya. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya nemi a nuna masa kaset ɗin, ya kalla sau ɗaya ya ce a kashe. Da magariba ta yi ya sa aka shimfiɗa tabarma a gaban ɗakin baya, aka zaunar da Auta, uwarta ta riƙe ta. Ya fara karatu a hankali. Duwatsu suka sauko kamar ƙanƙara, sannan suka tsaya cak. Shiru ya cika gidan, har ana jin ɗigar famfo.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Ta ɗakin duhu." Leɓen Auta ne ke motsi. "Ina nan tun ba a aza tubalin gidan nan ba."

"Me ya haɗa ki da mutumin nan?"

"Sallama. Ranar da ya fara shigowa da kwanukansa da jan ƙwan fitilarsa, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa yi min. Yana aiki yana hira, ina ji. Bai taɓa ganina ba, bai taɓa roƙona komai ba."

"To me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ya kira, na fito. Ban taɓa fitowa ba sai yanzu, da kiran ya yi yawa. Na duba falo, na duba zaure, ba shi. Wannan ta ce ita ce ƙawar, ta amsa kirana. Na shiga in ji ko ta san inda yake."

Malam ya gyara tabarau. "Baiwar Allah, wanda kike nema ya rasu. Abin da kike ji na'ura ce."

"Ƙarya ne!" Jikin Auta ya miƙe har Umma ta kusa faɗuwa. "Kullum ina jin sa. Mai gidan nan cewa yake ba ya nan. Wanda ba ya nan ai yana dawowa. Shi ya faɗa min da bakinsa, in gaskiya ne."

Malam ya juyo ya dubi Kafinta. Kafinta ya kau da kai. Ya dubi 'yarsa, leɓe duk ya tsattsage, wuya ya zama kamar sillen kara, kuma ya san hannunsa ne ya yi ta mayar da kaset baya. Ya durƙusa.

"Ya rasu," ya ce. "Wallahi ya rasu. Ni na sa shi a kabari. Ba zai dawo ba."

Kukan da ya fito daga bakin yarinyar ba mai ƙarfi ba ne, amma duk wanda ya ji shi a ranar bai manta ba. Kafinta ma ya kifa kai a ƙasa ya yi nasa, wanda ya riƙe tun ranar jana'iza. Malam ya bar su har suka gaji.

"Yanzu kin ji," ya ce. "Fita, ki bar musu 'yarsu."

"Ku bar ni a jikinta. Ba zan cuce ta ba."

"Ba gidanki ba ne."

"To a ba ni muryar. In tafi da ita, in bar gidan, ba ni ba dawowa."

Malam ya matso kusa da Kafinta ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Ina iya ci gaba da karatu har ta fita ko tana so ko ba ta so, amma jikin yarinyar nan ne zai sha wuya, ga shi ba ƙarfi gare ta ba. Abin da ta roƙa ba yanka ba ne, ba bauta ba ce. Kayanka ne. Kai za ka ce."

Kafinta ya waiwaya ya dubi falo, inda kwalin yake a buɗe.

"Ɗauki," ya ce. "Ki ba ni 'yata."

Malam ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta, ta rantse. Ƙofar ɗakin baya, wadda sakatarta ta yi tsatsa, ta buɗe da kanta ta rufe. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta yi lakwas a jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, da 'yar muryarta ta kullum, "Umma, yunwa nake ji."

Dutse bai sake faɗowa a gidan ba. Warin ya tafi. Auta ta murmure, surutu ya dawo har Umma na cewa a rage.

Sai da aka kwana biyu, wata rana da hantsi, rana tar a tsakar gida, Kafinta ya jawo kwalin. Hoto ya fito garau. Ga kukan kaji, ga ƙarar tabarya daga maƙwabta, ga yara suna amsa tambayoyin da ba wanda ya yi musu. Ya sa wani kaset, ya sa wani, duk haka. Ko tarin ba a bar masa ba.

Ya koma kan na farkon. Ga shi nan da baƙin gashi, ya haɗe rai a kan tabarma. Shiru. Sai kawai Kafintan cikin talabijin ya fashe da dariya shi kaɗai.

Auta ta zo ta zauna kusa da shi. "Baba, me ya ce maka a nan?"

"Cewa ya yi in saki fuska, sai ka ce wanda ya haɗiyi ƙusa." Ya yi ƙoƙarin kwaikwayon muryar, bai yi kama ba ko kaɗan. Ya sake gwadawa, ya bari.

Ya miƙa hannu ya kashe na'urar, ya rufe kwalin, ya daɗe yana kallon murfin.

"Allah ya jiƙanka, abokina," ya ce.

"Amin," in ji Auta.